Kunnen Da Muka Binne A Ganuwa

Masu karatu, yau ba zan yi muku kwana-kwana ba. Akwai abin da na ɓoye wata tara, gara ku ji shi daga bakina kafin ku ci gaba da tausaya mini.

Wayar yayana Hidde tana wurina.

Kowa a garinmu ya ɗauka teku ta tafi da ita ranar da ta tafi da shi. Haka 'yan sanda suka rubuta, haka Mem, mahaifiyarmu, ta yarda. Alhali tana nan a rumfar kayan aikinmu, cikin takalmin ruwansa na ƙafar hagu, na naɗe ta a safa. Duk bayan kwana biyu nake yi mata caji. Kullum ƙarfe shida da minti arba'in na safe sai ta girgiza sau ɗaya, takalmin ya yi wani gunji kamar ƙudan zuma ya faɗa tulu. Saƙon ba ya sauya kama: lambobi uku a jere, a ƙasansu kuma layi ɗaya.

"Har yanzu ina ji."

Ba Hidde ke turowa ba, na sani. Amma shi ya rubuta layin, ina tsaye a kansa, yana dariya.

Ni ne Sibren, wanda ya bar makaranta yana shekara sha shida. Na yi jirgin kamun kifi, na yi gyaran keke, na yi gonar tumatir, babu inda na cika shekara. Hidde ne mai ƙwaƙwalwar gidanmu. A wani taron injiniyoyi ya haɗu da Tekla, 'yar ƙasar Jojiya, daga garin Kutaisi. Su biyu suka ƙera abin da suke kira kunne: ƙarfe ne tsawon hannu, a binne shi cikin ganuwar da ta tare mana teku, ya riƙa sauraren ruwan da ke ratsa ƙasa ta ciki tun ido bai gani ba.

Da wannan kunnen Tekla ta sami bizar masu kafa sabon kamfani. Shekara ɗaya tak. Sai kana da jagoran da hukuma ta yarda da shi, kuma idan shekara ta zo ƙarshe, shi zai rubuta cewa aikinka ya kama hanya. Da takardarsa ake neman izinin zama na gaba. Bizar Tekla za ta ƙare ranar ashirin ga Nuwamba.

Ta iso bara, lokacin an riga an rufe ganuwa. Daga farkon Oktoba har zuwa Afrilu ba mai saka ko cokali a jikinta, lokacin guguwa ne, yaron goye ma ya san haka a nan. Hidde bai iya jira ba. Wata ranar Asabar cikin Disamba ya same ni a rumfa.

"Raggo, ɗauko shebur."

"Ina za mu?"

"Binne kunne."

"A Disamba? Kana so su rataye mu?"

"Rami ne kamar na ɓera. Kai ka iya haƙa, ni na iya tunani, kowa ya yi nasa." Sai ya daina dariya. "Kada Tekla ta sani. Idan abu ya ɓaci, kada ya taɓa takardunta."

Shi ya sa kunnen ba ya magana da kowa sai wayarsa. Ni na haƙa ramin, bayan turken tumaki na uku. Ni kuma ya kamata in je duba shi ranar sha tara ga Janairu, bayan guguwa. Na ce ina jin barci. Ya jefe ni da safa, ya bar wayarsa a caji a rumfa, ya tafi. Duwatsun gefen teku suna da santsi. Washegari aka same shi.

Na ɗauki wayar ne don kada a gane abin da ya kai shi can. Haka nake gaya wa kaina. Wannan gaskiya ce ta wata ɗaya, ko biyu. Sauran watannin bakwai, ku biyo ni ku ji.

Ranar Juma'ar da ta wuce na kai Tekla wurin jagorarta, Renske, a birnin Leeuwarden. Tun da Hidde ya rasu ni ne direbanta, ni ke ɗaukar mata kaya, ni ke yi mata walda. Renske dattijuwa ce mai gajeren farin gashi, ta yi shekara talatin tana aikin ganuwa. Mun same ta tana cin burodi da cuku a kan takardu.

"Tekla, zan faɗa miki kai tsaye."

"Kin taɓa faɗa a karkace?"

"Ban taɓa ba." Ta share bakinta. "Gwajin da aka ba ki izini daga Yuni ne zuwa Satumba. Ganuwa a bushe take lokacin. Kunnenki ya saurari shiru wata huɗu, ya ce shiru ne. Madalla. Kujerar nan ma za ta iya."

"Renske!"

"Ina son aikin nan, kin sani. Amma ba ni da lambar awon damina ko ɗaya, ba ni da ta guguwa. Abin da ban gani ba, ba na sa masa hannu."

"Ganuwa a rufe take. Ina zan samo guguwa kafin Nuwamba?"

"Ban sani ba, 'yata. Da na sani da na faɗa."

Ina zaune a kujerar bakin ƙofa, hulata a gwiwa. Lambobin guguwa shida nake da su a cikin takalmi. Na buɗe baki, na rantse muku na buɗe. Sai na tambayi Renske inda ake ajiye kofin da aka gama da shi.

A mota Tekla ba ta yi kuka ba. Ta jingina kai da gilashi tana ƙirga injinan iska da yarensu. Can ta ce, "Sibren, a gidanmu an sayar da gonar inabin kakana don in zo nan. Mahaifiyata tana gaya wa maƙwabta cewa ina tsare wa Turawa teku."

"Ai kina tsarewa."

"Ina tsare shiru."

Lahadi ranar haihuwar Mem ce, ta cika sittin da ɗaya. Tun safe muka jera kujeru a da'ira a falo, aka ture tebur gefe. Ƙarfe biyu mutane suka fara shigowa, kowa ya bi da'irar yana ba kowa hannu yana taya shi murna, kamar yadda muka saba. "Barka da mahaifiyarka." "Barka da 'yarki." "Barka da maƙwabciyarki." Bara ni da Hidde muka raba wannan barkar. Bana duk a kaina ta sauka, kuma kowa sai ya ɗan riƙe hannuna fiye da yadda ya saba.

Beppe, kakarmu, tana kujerarta ta kusa da taga, shekara tamanin da takwas, da sarƙar jan murjani a wuya.

"Kai, ɗan yawo, wane aiki kake yi wannan makon?"

"Wanda nake yi makon jiya, Beppe."

"Mako biyu a jere? A kira likita."

Da'ira ta kwashe da dariya. Daidai nan Tekla ta shigo, ɗauke da faranti lulluɓe da tawul, burodin cuku na garinsu da zafinsa. Baƙar riga ta saka iya gwiwa, da 'yan kunnen azurfa na kakarta, gashinta a ɗaure a ƙeya da fensir. A saman rigar kuma shuɗiyar rigar ulu ta Hidde, ta naɗe hannun sau biyu. Mem ce ta ba ta. Duk sanda ta saka, daga baya nake fara ganinta, kuma zuciyata sai ta tsaya kafin ta gane.

Ta bi da'irar kamar 'yar gari. Da ta iso kaina ta ce, "Barka da mahaifiyarka, direba."

"Barka da... " Na rasa me zan ce Mem take a wurinta.

"Bar shi, kada kanka ya fashe," in ji ta.

Aka sha kofi, aka ci yanka ɗaya-ɗaya na kek. Na tashi na shiga banɗaki don in huta da idanu.

Kalandar ranakun haihuwa tana nan a bayan ƙofa inda take tun ina yaro. Dokar Mem a kanta ɗaya ce: sunan ɗan jini da biro ake rubuta shi, na mai shigowa da fensir, don in abu ya watse a goge. Budurwata ta farko ko wata uku ba ta yi a jiki ba. A watan Mayu sunan Hidde yake, Mem ta zana masa ɗan gicciye a gefe. Na ɗaga zuwa Maris, kamar yadda nake yi kullum ba tare da kowa ya sani ba. Uku ga wata. Tekla, da rubutun Hidde, da fensir.

An bi ta kansa da biro. Shuɗi, sabo, an danna har ya huda takardar.

Na sami Mem a kicin tana yanka cuku da tsiran nama.

"Mem, wa ya taɓa kalanda?"

"Gidana ne, kalandata ce."

"Da biro?"

"Rufe ƙofar." Ba ta ɗago ba. "Na je ofishin gari na tambaya. Idan mutum yana da abokin zama ɗan ƙasa, aka rubuta su tare, akwai hanyar samun izinin zama. Kana da aiki yanzu, ko ba ka da shi zan sa kawunka ya ba ka na dindindin."

"Ni?"

"A'a, Beppe. Kai mana!"

"Mem, budurwar Hidde ce."

"Hidde ya mutu, Sibren." Ta ajiye wuƙar. Karo na farko ke nan da na ji ta faɗi kalmar. "Na rasa ɗaya. Ba zan tsaya a filin jirgi in ɗaga wa ta biyu hannu ba. Kuma kada ka yi mini fuskar waliyyi. Ni na haife ka. Ina ganin yadda kake kallonta tun ranar da ta sauke akwati a ƙofar nan."

Kunnuwana suka ɗau zafi.

"Kin gaya mata?"

"Jiya."

"Me ta ce?"

"Ta ce za ta yi magana da kai. Ɗauki farantin nan, ka fara da Beppe."

To, masu karatu, ga sauran watanni bakwai ɗin. Ban shirya shi da takarda da biro ba, amma wani lungu na zuciyata ya daɗe da yin lissafin. Idan kunne ya yi nasara, Tekla za ta zauna da ƙafarta, ta ɗauki injiniyoyi masu digiri, ni in koma mai kawo kaya. Idan bai yi ba, ƙofa ɗaya ce ta rage mata a ƙasar nan, kuma ni ne a tsaye a bakinta. Kowace safiya ina karanta saƙon yayana, in mayar da wayar cikin safa, in je in yi mata sannu da aiki.

Na kai farantin, na fice rumfa.

Wajen ƙarfe huɗu ta biyo ni. Iska ta fara tashi, rufin kwanon yana ƙara. Ta zauna a kan bencin Hidde, ƙafarta kusa da takalman, tazarar taku ɗaya.

"Mahaifiyarka ta yi maka magana."

"Ta yi."

"A garinmu da sai an aiko kawunnai uku da giya da waƙa. Ku a kicin kuke yi, da wuƙar cuku a hannu."

"Mun fi sauri."

Ta yi murmushin da bai kai ido ba. Ta ja hannun rigar ulun ta rufe yatsunta.

"Na yi tunani, Sibren. Kai mutumin kirki ne. Wata tara ba ka taɓa ce mini ka gaji ba. Idan ka yarda, na yarda."

Abin da nake jira ke nan. Na sha jin sa a mafarki da muryoyi iri-iri. Ban taɓa jin sa da wannan muryar ba, irin wadda ake karanta sunayen matattu da ita a coci.

"Amma zan faɗa maka abu ɗaya, don kada mu fara da ƙarya," in ji ta. "Ba zama nake so ba. Garinku ruwa, iska, da dankali. Abin da nake so shi ne in san ko abin da muka ƙera yana ji. Ni da shi mun ba shi shekara uku. Idan ba ya ji, to Hidde ya ƙare a banza, ni ma haka. Wannan ne ke hana ni barci, ba biza ba."

Don kada mu fara da ƙarya.

Akwai kuma wani abu da ban gaya muku ba. Lamba ta farko a saƙon, duk watannin nan tsakanin talatin da arba'in take yawo, sai ranar guguwa ta yi tsalle ta dawo. Kwana goma sha biyu ke nan tana hawa ba ta sauka. Arba'in da shida. Hamsin da ɗaya. Hamsin da takwas. Safiyar ranar, sittin da bakwai. Ban san me take nufi ba. Na bar makaranta kafin a zo wurin. Mutum ɗaya ne a duniya ya rage da zai iya karantawa, ga ta zaune tana ba ni kanta.

Na durƙusa. Ta zaro ido, ta ɗauka neman aurenta zan yi.

"Kai, kada ka yi mini wannan, tashi!"

Na jawo takalmin hagu. Na zura hannu, na fito da safar, na warware, na buɗe wayar, na ɗora mata a cinya.

Ta gane ta tun kafin ta taɓa. Akwai tsagewa a kusurwar gilashin, ita ta yar da ita a kicin ɗinmu bara. Ta ɗauka da hannu biyu.

"Mun binne ɗaya a Disamba," na ce. "Ni da shi. Ya ce kada ki sani, saboda takardunki. Shi ya je dubawa ranar. Ni ya kamata in je."

Ba na jin ta ji ni. Yatsanta yana ta ja, saƙo bayan saƙo, tana komawa baya. Satumba. Yuli. Afrilu. A Fabrairu ta tsaya, leɓenta yana motsi.

"Guguwar tara ga wata," ta ce a hankali. "Ga ta. Awa shida kafin ruwan ya kai ƙololuwa ya ji ta." Ta ja. "Ga ta ashirin da biyu." Ta toshe bakinta da hannun rigar. "Yana ji. Sibren, yana ji!"

Ta ɗago tana dariya, hawaye na zuba. Daƙiƙa biyu na samu na wannan fuskar. Sai na ga lissafin ya iso mata.

"Tun yaushe take wurinka?"

"Tun ranar."

"Kowace safiya?"

"Kowace safiya."

"Ranar Juma'a, a ofishin Renske. Kana zaune a bakin ƙofa."

"E."

"Ka tambaye ta inda ake ajiye kofi."

Na dubi safar da ke hannuna.

"Me ya sa?" Ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni, ta dubi ƙofar gidan inda ake jiyo dariyar da'ira, ta sake dubana. "A'a. Bari. Kada ka faɗa, na gane."

Ta koma kan wayar, ta gangaro zuwa saƙonnin ƙarshe. Nan fuskarta ta sauya wani iri daban. Ta miƙe tsaye.

"Ina kuka binne shi?"

"Bayan turken tumaki na uku."

"Saitin gidajen nan?"

"Saitin gidan Beppe."

"Ruwa na ratsawa ta ciki. Ba yau zai fasa ba, wataƙila ba wannan watan ba, amma ranar Laraba an ce akwai iska. Kira hukumar ruwa. Yanzu."

"Za su tambayi yadda aka yi muka sani."

"Za su tambaya."

"Za su tambayi wanda ya haƙa ganuwa a Disamba."

"To ka san sunansa ai."

Na ciro wayata. Lambar gaggawa tana manne a ƙofar rumfa tun zamanin mahaifinmu. Wani mutum ya ɗauka yana tauna abu.

"Sunana Sibren Roorda," na ce. "Bara cikin Disamba na haƙa rami a ganuwa ba da izini ba. Ni da yayana, ya rasu. Mai kamfanin ba ta sani ba, yau ta ji. Ina so ka fara rubuta wannan kafin in faɗi sauran."

Mutumin ya daina tauna.

Kafin magariba motoci uku masu fitilar ruwan lemo suna kan ganuwa. Da'irar Mem ta watse, kowa ya fito da kofinsa a hannu yana kallo daga bakin titi. Na nuna musu wurin. Wani dogo mai rigar ruwa ya durƙusa a gindin ganuwar ta ɓangarenmu, ya danna ciyawa da tafin hannu, ruwa ya taso tsakanin yatsunsa. Ya dubi Tekla ya daɗe. Sannan ya dube ni, ya ce in zo ofishinsu ranar Talata, in zo da katin shaida.

Mem ta tsaya kusa da ni, ta rungume hannuwanta.

"Abin da ya kai shi ke nan?"

"E, Mem."

Ta gyaɗa kai. Ba ta mare ni ba, ba ta taɓa ni ba. Ta juya ta kama hannun Beppe suka koma gida.

Tekla ta zo wucewa da wayar a aljihun rigar ulun.

"Tekla, maganar ɗazu..."

"Babu maganar ɗazu." Ta tsaya, ba ta juyo ba. "Zan kai wa Renske wannan. Ko ta karɓi lambobin da aka samo ta haramtacciyar hanya, ko ta ce sun ɓata komai. Ban sani ba. Ko wanne ne, da ƙafata zan zauna ko da ƙafata zan tafi. Ka gaya wa mahaifiyarka ta yi haƙuri da kalandarta."

Ta hau kekenta. Ban ce zan kai ta ba.

Litinin na farka kafin agogo, kamar kullum. Ƙafafuna suka kai ni rumfa ban aike su ba. Na zauna a kan benci, na jawo takalmin hagu tsakanin gwiwoyina. Shida da talatin da tara. Shida da arba'in. Shida da arba'in da ɗaya.

Iska kawai, da rufin kwano.

An binne Hidde tun Janairu, na ɗauki akwatin da kafaɗata, ban yi kuka ba. A safiyar nan ne ya mutu a wurina. Na kifa fuska a bakin takalmin, na yi kukan wata tara.

Ina cikin haka aljihuna ya girgiza. Wayata ce. Tekla.

"Saba'in da ɗaya. Har yanzu yana ji. Renske ta karanta duka. Ta ce kafin ta sa hannu ko ta ƙi, sai ta ji daga bakin wanda ya riƙe shebur. Ƙarfe tara. Ka zo kai kaɗai, ni ba zan kasance ba."

Na goge fuskata da safar. Na mayar da takalmin kusa da ɗan'uwansa, na ɗauki makullin mota.